Ɗorawar Kan Iyaka da Shari'ar Ladan Na-Ɗaukaka

Rufaida, ke da Bushira kun ishe ni da tambayar abin da ya sa mutanen unguwa ke kiran kawunku Ladan da "Na-Ɗaukaka", shi kuma in ya ji sai ya canza hanya. To ga shi na rubuta muku da ɗan bokon yaƙi da jahilcin da na yi. Ni na haife shi, ina son abina, amma ba zan yi ƙarya a takarda don shi ɗana ne ba.

Kun san ɗorawar da ke kan iyakar gonarmu da ta Ishaya, tsohon sojan nan da muke katanga ɗaya. Tun ina amarya na tarar da ita tsaye, saiwa rabi a gonarmu, rabi a tasu. Shekara arba'in da 'yan kai, duk bazara ni da Alice matar Ishaya muke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, a kaɗo mana, mu ɓare, mu raba kalwa ƙwarya ɗaya ni, ƙwarya ɗaya ita. Daddawar da kuka sha a miya tun kuna rarrafe, daga iccen nan ta fito. Ranar da kakanku ya rasu, Alice ce ta riƙe ni har aka dawo daga maƙabarta. Ba a taɓa jin kanmu ba.

Sai Ladan ya dawo daga Birnin Kebbi.

Wata bakwai ya yi can, ya ce mana aikin kotu yake yi. Daga baya muka ji ashe ambulan da biro yake sayarwa a bakin ƙofar kotun, yana leƙe ta taga. Ya dawo da baƙar jakar hannu, babu komai a ciki sai tsohuwar jarida da goro, ga tabarau a hanci, shi da idonsa ke hango fara a kan dutse.

Kullum da safe yana teburin Mubarak mai shayi yana karantar da mutane.

"Alƙalai hawa-hawa ne, kamar tsani," in ji shi. "Akwai alƙalin shari'a, Kadi na samansa. Akwai majistare, samansa Jastis na babbar kotu, wanda in ya yi tari lauyoyi miƙewa suke yi. Sama da shi sai na ɗaukaka ƙara, sai na ƙoli a Abuja. Duk sun san ni."

Mubarak ya ce, "To kai a wane hawa kake, Barista?"

"Ni nake riƙe tsanin."

Abin da ya fi burge shi a kotu shi ne in hukunci bai yi wa mutum ba, sai ya ce ya ɗaukaka ƙara. Ya kawo mana wannan kalma gida. Matarsa ta aje masa tuwo da miyar kuka, ya leƙa kwano ya ce, "Na ɗaukaka." Ta ɗauke kwanon ta ce ya hau sama ya ci.

Wata Lahadi ya shigo ɗakina da igiya a hannu.

"Inna, an cuce ki shekara arba'in. Na auna gindin ɗorawar nan, kashi biyu cikin uku a gonarmu yake. Zan karɓo miki ita gaba ɗaya."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

"Doka."

"To ka gaida ta. Ka bar min iccena yadda na same shi."

Bai bari ba. Washegari ya kai ƙarar Ishaya wurin mai unguwa Muhammad Sani. Mai unguwa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ladan, ranar da wanzami ya zo yi maka kaciya, kan iccen nan ka gudu ka maƙale. Ishaya ne ya hau ya sauko da kai kana fitsari a wuyansa. Tashi ka tafi gida."

Ladan ya gyara tabarau ya ce, "Da ma kai ba alƙali ba ne, mai ba da haƙuri ne. Ko guduma ba ka da ita. Na ɗaukaka."

Ishaya da ya ji labari, dariya ya yi. Alice kuwa ba ta yi dariya ba. Ta daina leƙo ni ta katanga da safe. Na yafa zane na je har ɗakinta na ce ba da yawuna aka yi ba. Tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Fadima, ai ɗanki ne." Ga ɗorawa ta nuna, saura kwanaki a kaɗo, ga ƙawata ta juya min baya. Na dawo gida tuwo ya ƙi shiga.

Shi kuwa gogan ya nufi kotun shari'ar Musulunci. Mubarak ya rufe tukunyar shayinsa ya bi shi, ya ce irin wannan kallo ba kullum ake samu ba. Daga bakinsa na ji yadda aka yi.

Alƙali ya ce, "Wa kake ƙara?"

"Ishaya, Allah ya gafarta malam."

"Musulmi ne?"

"Dattijon coci ne."

"Ya yarda a yi masa shari'a a nan?"

"Ban tambaye shi ba. Ai abokin gaba ne."

"To ba zan jawo shi dole ba. Gonar ta wa ce?"

"Ta mahaifina, marigayi."

"An raba gado?"

Ladan ya yi tari ya ce ba a raba ba tukuna.

"Mahaifiyarka na raye? Kana da 'yan'uwa?"

"Tana raye. Mata uku."

Alƙali ya gyara zama, ya jawo littafinsa. "Yauwa, wannan kam aikina ne. Kawo su gobe in raba, mu ga ko rabonka ma ya kai gindin iccen."

Kun san shi kaɗai ke noma gonar nan tun rasuwar kakanku, iyayenku mata ba su taɓa cewa uffan ba. Mubarak ya ce nan take gumi ya wanke masa tabarau. Ya rungumi jaka ya ce, "Na ɗaukaka zuwa gaban Kadi."

Alƙali ya ce, "Me za ka ɗaukaka? Kadi hukuncin da na yanke yake dubawa, ni kuwa ban yanke komai ba. Kwano za ka kai masa babu tuwo?"

Kafin ya rufe baki Ladan ya kai bakin titi. Ya gaya wa Mubarak cewa ƙaramar kotu ce, maganarsa ta fi ƙarfinta.

Ranar Talata sai kotun majistare. Ya shiga ya ga wani akwatin katako a gaba, an ɗan ɗaga shi sama, babu kowa a ciki. Ya raɗa wa Mubarak cewa nan manyan masu magana ke tsayawa. Wurin tsai da wanda ake tuhuma ne. Daidai lokacin akawu ya kira, "Ladan." Wani Ladan ne daban, mutumin Kanya da ake tuhuma da satar awaki uku, an ba da belinsa bai iso ba. Naku ya ce, "Ga ni," ya taka ya shige akwati yana baza kafaɗa. A zatonsa labarinsa ne ya riga shi zuwa.

Majistaren mace ce. Ta tambaye shi ko yana jin Turanci ko a kira tafinta.

"Tafinta na ƙauyawa ne," in ji shi.

Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanto tuhuma da Turanci. Duk inda ya tsaya shan iska, Ladan ya ce, "Yas." Aka zo wurin da ake tambayar mutum gilti ko not gilti, wato ya amsa laifi ko bai amsa ba. Ladan ya san "not" ƙi ne, shi kuwa bai zo don ya ƙi kotu ba. Ya buga ƙirji ya ce, "Gilti. Sosai ma."

Allah ya taimake shi tsohuwar mai awakin tana zaune. Ta miƙe ta ce, "Ranki ya daɗe, wannan ba ɓarawona ba ne. Nawa siriri ne, kuma ya fi wannan wayo."

Aka kira tafinta, aka warware. Majistare ta ce a zaunar da shi a bencin baya har a sami dattijon da zai shaida ko shi wane ne. Mubarak ya hau mashin ya zo unguwa. Mai unguwa ya tafi Bena ta'aziyya. Wa ya rage? Ishaya. Ya sa hularsa, ya ɗauki katinsa na tsohon soja, ya je ya tsaya wa mai ƙararsa.

Kafin ta sallame su majistare ta ce, "Malam Ladan, ni sata da faɗa da irinsu nake ji. Wanda ya mallaki ƙasa ba a gabana ake yanke shi ba. Ka nemi lauya na gaske. In ta kama, ku je babbar kotu gaban Jastis. Kuma kada ka sake shiga akwatin da ba a sa ka ba."

A bayan mashin ɗin Ishaya ya dawo gida. Suna tafe ya ce, "Baba, na gode, amma fa sai mun haɗu gaban Jastis."

Ishaya ya ce, "Allah ya kai mu. Riƙe ni da kyau, akwai rami."

Ranar Alhamis ina shara sai na ji muryar Alice ta katanga, karo na farko cikin kwana goma. Ba gaisuwa. Ta ce, "Fadima, Jastis zai zo ranar Asabar ya duba ɗorawa. Abin da ya kamata a yanke, ya yanke."

Na san zancen. Iskar farkon hadari ta tsaga wani babban reshe, yana reto daidai inda muke shimfiɗa tabarma. Jastis kuwa ɗan ƙanwar Alice ne da ke zaune Ribah. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ke nan, kamar yadda wasu ke sa wa ɗiyansu Destiny ko Goodness. Sana'arsa yankan katako da inji. Ni na goya shi ranar sunansa.

Ashe Ladan na bayan rumbu yana alwala, ya ji. Ya fito da ƙafa ɗaya a jiƙe.

"An zagaye ni. Ishaya ya riga ni zuwa babbar kotu. Jastis da kansa zai zo duba wuri, haka suke yi in shari'ar ƙasa ce."

Na ce, "Ladan, Jastis ɗin nan fa..."

"Inna, kin taɓa shiga kotu?"

"Ban taɓa ba."

"To ki bar wa masu ita."

Na bar masa. Wannan laifina ne, na amsa, gilti.

Kwana biyu yana shiri. Ya aro teburi da kujeru, ya aro gudumar katako wurin kafinta. Ya ɗauke baƙar abayar matarsa ta zuwa biki ya ce rigar lauya ce. Hular gashin da lauyoyi ke sawa kuma, ya yanki gefen buzun sallar ubansa ya ɗinka. Wannan har yau ban gama yafe masa ba. Ya bi gida-gida yana gayyata, ya ce kowa ya zo ya ga yadda ake magana gaban babban alƙali. Rabin unguwa sun san ko wane ne Jastis. Ba wanda ya gaya masa, kowa ya ce zai zo.

Asabar da hantsi gindin ɗorawa ya cika. Ishaya ya tafi aron tsani, ni da Alice muna gida kowa na dama wa baƙo kunu a nata murhu. Sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin gona. Jastis ya fito, ƙato mai tumbi, daga ɗaurin aure a coci yake, baƙar kwat da laktaye da tabarau.

Wani ya ce, "Barista, alƙali a a-kori-kura?"

"Ɓad da kama ne. Manya haka suke yi."

Ya daka tsawa kowa ya miƙe. Jastis ya waiga bayansa ya ga ko wani ne ke zuwa. Ladan ya rusuna har hular buzu ta zamo masa kan hanci.

"Ranka ya daɗe, kai ne Jastis?"

"Ni ne."

"Na ina?"

"Na Ribah."

"Har Ribah aka kai ku? Madalla. Ga kujera."

Jastis ya zauna, ya zaci karramawar mutanen gidan innarsa ce. Ladan ya juya ga jama'a don su ji da kyau.

"Ranka ya daɗe, shekara nawa kana yankewa?"

"Ashirin da biyu."

"Manya da ƙanana?"

"Har wanda mutum huɗu ba sa iya rungumewa."

"An taɓa ɗaukaka wanda ka yanke?"

"Wanda na yanke ba ya tashi. Sai dai a ɗauka a loda a mota."

Ladan ya kalli Mubarak ya ce, "Ka ji? Motar gidan yari ke nan." Mubarak ya cusa hula a baki.

Daga nan ya buɗe jaka ya zaro jarida ya fara jawabi. Ya faro daga kakan kakansa, ya bi ta kan igiyar da ya auna, ya jefa Turancin da ya tsinta a taga. Rana ta take, buzu ya fara wari, ƙuda suka taru a kansa. Jastis ya duba agogo ya ce, "Ɗan'uwa, Baba Ishaya reshe kawai ya ce min."

"Reshe? Ka ji wayon tsohon soja. Ni ba reshe na kawo ba, tushe nake so. Ka yanke daga tushe, yau, gaban jama'a, kowa ya huta."

"Daga tushe? Ba a mayar da shi fa."

"Shi nake so. Wanda ba mai tayar da shi."

"Mama Fadima ta yarda?"

"Ita ta aiko ni."

Jastis ya riga ya ji a Ribah cewa iccen nan ya haɗa gidaje biyu rigima. Ya ɗauka an gaji ne an ce a kawar da shi. Ya girgiza kai ya ce, "Kaico, icce mai kyau." Ya cire kwat, ya kwance laktaye, ya naɗe hannun riga.

Ladan ya raɗa wa na kusa da shi, "In hukunci mai tsanani ne sai sun tuɓe."

Jastis ya je bayan mota ya dawo da inji mai dogon harshe da haƙora.

"Ranka ya daɗe, wannan wace irin guduma ce?"

Jastis ya ja igiya. Masu dariya suka farga cewa wasa ya ƙare, suka hau kiransa, amma ƙarar inji ta danne kowa. Ya kafa haƙora a gindin ɗorawa.

Muna kan hanyar gona muka ji, ni a gaba da ƙwaryar kununa, Alice a baya da tata, ba mai yi wa wata magana. Reshe a sama yake, kuma mun san tsani bai iso ba, to me inji ke ci in ba gindi ba? Muka kalli juna. Na saki ƙwarya. Shekarata sittin da takwas a lokacin, ban san ina da sauran gudu ba. Alice da ciwon gwiwarta ta wuce ni. Muka keta taro muka manna baya a jikin icce, kafaɗata a tata. Jastis ya yi tsalle baya ya kashe inji.

Alice ta zazzaga masa faɗa da yarensu C'lela, ban ji duka ba amma na ji sunan uwarsa sau uku. Ya nuna Ladan ya ce, "Shi ya ce Mama Fadima ta aiko shi."

Ladan ya tsaya baki buɗe. "Ranka ya daɗe... ba kai ne na babbar kotu ba?"

"Wace kotu? Ni katako nake yanka. Jastis sunana ne."

Wurin ya fashe. Mubarak ya kwanta a kan kunyar gona yana shure-shure. Ladan ya juya zai sulale, abaya ta harɗe masa ƙafa, ya kife a kan teburi, hular buzu ta yi gefe, karen Ishaya ya cafke ta ya nufi dutse da ita. Daidai nan Ishaya ya iso da tsani a kafaɗa, ya ce, "An fara shari'ar ban zo ba?"

Na duba gindin icce. Inji ya shiga kamar tsawon yatsa, ruwa na tsatsowa. Na sa tafin hannu na rufe wurin. Alice ta ɗora nata a kan nawa. Sannan ta ce, "Fadima, kin zubar da kunu."

"Ke ma."

Na ja kujerar da aka aje wa alƙali na zauna, Alice ta zauna a gefena, na ɗauki gudumar kafinta na buga teburi. Na ce a kawo mai laifi. Ishaya ya tayar da shi ya kakkaɓe masa ƙasa.

Na ce, "Ladan, na aike ka?"

"Ba ki aike ni ba, Inna."

"Gilti ko not gilti?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ga hukunci. Yanzu za ka kwaɓa laka da kashin shanu ka liƙe ciwon iccen nan da hannunka. Bana kai za ka hau ka kaɗo. Kai za ka dafa kalwa, ka surfa, ka wanke, ta gida biyu. In daddawa ta nuna kai za ka ɗauka a ka zuwa kasuwa. Abayar matarka kuma ka wanke mata."

Alice ta ce, "A ƙara masa ƙwarya biyu da muka fasa."

"An ƙara."

Ya ɗago kai. "Na ɗau..."

"Zuwa ina? Kai ka koya mana tsanin nan. Sama da alƙali Kadi, sama da majistare Jastis, har Abuja. To faɗa min wanda ke sama da uwar da ta haife ka, in ba ka kuɗin mota."

Jastis ya ɗaga inji ya ce, "Ko in yanke?"

Ladan ya ce, "Na karɓa."

Jastis ya hau tsani ya sauke reshen da ya tsage cikin minti goma, abin da ya kawo shi ke nan tun farko. Iccen ya warke. In kun je gona ku duba ta gabas, daidai gwiwa, za ku ga tabon. A waccan shekarar da muka raba kalwa, ƙwarya ɗaya ta yi saura. Na tura wa Alice, ta turo min, sannan ta ce a ba lauya ladansa. Babu mazubi kusa, sai muka juye masa a baƙar jakar nan. Ita ce kuke gani rataye a rumbu muna aje barkono.

Kawunku mutumin kirki ne, yanzu ma shi ke kai Ishaya asibiti a mashin. Don haka in kun zo hutu ban yarda ku kira shi Na-Ɗaukaka ba. Ku bari sai ya fita.